KASKA DA ƘUMA BA SU ZUWA CIN RANI

Jawabin da malamin lekol ya yi wa taron ƙungiyar gari

Ƴan'uwa da kuka zo daga Damagaram, da Kano, da Ikko, da Agadas, sannunku da hanya. Waɗanda ba su samu zuwa ba kuwa, takardar nan za ta iske su inda suke, kuma muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

An ba mu izini mu yi magana a kan wani abu ƙanƙane, wanda wani zai ce bai kai a tara dattawa dominsa ba, watau kaska da ƙuma a jikin kare da kyanwa da sauran bisashen da ke kwana cikin gida tare da mu. Maganar da muke so kowa ya tafi da ita guda ɗaya ce. Mu a nan Guci ba mu tuna ƙwarin nan sai da damana, sa'ad da muka ga kunnen kare ya cika, ko hantsar akuya ta yi miki. Da an yi girbi sai mu ce sun tafi. Alhali kuwa ba su je ko'ina ba, suna nan cikin ƙasar ɗaka da tsagar bango suna jira. Lokacin da samarinmu ke ɗaure kaya su tafi cin rani, shi ne lokacin da irin baɗi ke ɓuya a gidajenmu. Saboda haka yaƙi da su aikin wata goma sha biyu ne.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU

Kamar yadda kuka sani, idan maigida ya yi tafiya, kare ne ke kwana a ƙofar tsohuwa, shi ne ke tsaron garke da gona. Kyanwa kuwa ita ce ke tsakanin ɓera da hatsin da muka sha wahalar nomawa. Suna yi mana aiki, ladansu kuwa guntun tuwo ne. Malamanmu sun sha gaya mana labarin mutumin da aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka hukunta domin ta tsare kyanwa ba ci ba sha. To, dabbar da muka ajiye, haƙƙinta yana wuyanmu.

Ko da mutum bai ji tausayin kare ba, ya ji tausayin ɗansa. Inda kare ke kwanciya da rana, watau zaure, da gindin rumbu, da inuwar randa, nan ne jarirai ke rarrafe. Mu da ke koyarwa muna ganin ƙafafun yara da ƙananan ƙuraje a jere a idon sawu. Yaro ya kwana yana susa, da safe ya zo aji yana gyangyaɗi, wajen susar kuma ya zama gyambo. Sau da yawa sai a ɗora wa sauro laifi, alhali ƙuma ce.

YADDA ƘUMA KE RAYUWA

Ƙumar da muke gani tana tsalle cikin gashin kare ko kyanwa, ita ce babba. Macen tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a yini guda. Ƙwan ba ya mannewa a gashi, zubowa yake yi ƙasa duk inda dabbar ta kwanta. Cikin ƴan kwanaki sai ya ƙyanƙyashe ƴar tsutsa fara, mai gudun haske, ta shige cikin ƙura da tsummoki. Daga nan ta saƙa wa kanta ƴar jaka ta shiga. Idan akwai ɗumi da laima, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma bai fi sati biyu zuwa uku ba. Idan kuwa babu dabba kusa, tana iya zama cikin jakar nan watanni, sai ta ji motsi da ɗumin jiki ta fito. Shi ya sa wanda ya dawo daga tafiya ya buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, sai ya ga ƙafafunsa sun yi baƙi nan take.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Ƙuma mace 10, kowace ƙwai 40 a yini, cikin kwana 30, ƙwai 12,000 ke nan a ɗaki guda. Masana sun ƙiyasta cewa cikin kashi 100 na ƙumar gida, wajen kashi 5 kaɗai ke jikin dabba, sauran 95 suna ƙasa, ƙwai ne da tsutsa da masu jira. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa, ya kashe biyar ya bar casa'in da biyar.

Gaskiya ne iskar hunturu da zafin rana suna kashe tsutsar ƙuma a fili, domin ba ta jure bushewa. Amma kowane gida yana da wurin da ba ya bushewa: gindin randa, bakin rijiya, makewayi, turken awaki inda fitsari ke jiƙa taki. A nan take cin raninta.

KASKA IRI-IRI CE

Kaska dangin gizo-gizo da kunama ce, babbarta ƙafa takwas gare ta. Iri huɗu ne suka fi damunmu.

Ta farko ita ce kaskar kare, mai launin ƙasa-ƙasa. Sau uku take hawa kare a rayuwarta, kowane hawa ta sha jini ta sauka ta ɓuya ta sake fata. Idan macen ta ƙoshi ta kumbura kamar ƙwayar wake, sai ta faɗi, ta hau bango ta nemi tsaga, ta zuba ƙwai dubbai, har wajen 4,000. Wannan kaska ta saba da zama cikin ɗaki, tana jure bushewa, kuma babbarta tana iya wata da watanni ba ta ci komi ba. Ita babu ruwanta da rani ko damana.

Ta biyu ita ce mai ado, wadda namijinta ke da zane mai ruwan ɗorawa a baya. Manyanta suna fitowa da farkon damana, su kama hantsa da ƙirji da gindin wutsiyar shanu, tumaki da awaki. Ƴaƴanta, ƙanana kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka, suna fitowa ƙarshen damana da kaka, matsakaitan kuma da dari. Da yake ido ba ya kama su da sauƙi, sai mu ce kaska ta ƙare.

Ta uku ita ce mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe fari, mai saurin tafiya. Ƙasa mai yashi da zafi irin tamu ita take so.

Ta huɗu ita ce ta kaji. Da rana tana ɓoye cikin tsagar akurki da ɓawon icen da kaji ke hawa, da dare ta fito ta sha jini ta koma. Akwai kuma wata ƙuma da ke mannewa kewayen idon kaza kamar baƙin kwalli, takan kama gefen kunnen kare da kyanwa ma.

CUTAR DA SUKE KAWOWA

Abu na farko shi ne ƙarancin jini. Ɗan kwikwiyo, ko ɗan kyanwa, ko ɗan akuya, idan ƙuma ta yi masa yawa sai ya rame ya mutu ba tare da wata cuta ba. Ku ɗaga leɓensa ku duba dasashi: idan ya yi fari maimakon ja, jini ya ƙare.

Kaskar kare tana sa masa zazzaɓi, ya ƙi abinci, wani lokaci jini ya riƙa fita ta hanci, ko fitsarinsa ya yi ja. Ɗaya daga cikin cututtukan nan, likitocin dabbobi biyu na cibiyar Pasteur ta Aljeriya, Donatien da Lestoquard, su suka fara gano ta a 1935, kuma ita ce ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam. Kaska mai ado kuwa ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa, ta lalata kan nono, ta kuma kawo ciwon nan da akuya ke kewaya wuri guda ta faɗi tana shure-shure, in an feɗe ta a tarar da ruwa kewaye da zuciya. Ƙuma kuma tana ɗauke da ƴaƴan wata tsila. Kare ya haɗiye ƙuma wajen lasar jiki, tsilar ta girma cikin hanjinsa, a riƙa ganin gutsattsarinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya. Ƙaramin yaro ma yana iya kamuwa idan ƙuma ta shiga bakinsa.

Akwai biyu da suka fi waɗannan muni. Ba mu kawo su domin tsoratarwa ba, sai domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Na ɗaya shi ne zazzaɓin zubar jini da ake kira Kirimiya-Kwango, domin an gan shi a Kirimiya a 1944, aka kuma same shi a Kwango a 1956. Kaska mai zoben ƙafa ce ke yaɗa shi. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar ciwo, amma mutum yana kamuwa ta cizon kaskar, ko ta murtsuke ta da yatsa, ko ta jinin dabbar wajen yanka da fiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 na iya rasuwa. Ya ɓulla a Nuwakshot ta Muritaniya a 2003, an kuma gan shi a Senegal a 2023, ƙasashen da yanayinsu da kiwonsu irin namu ne. Na biyu shi ne annobar ɓera. Wani likitan Faransa, Paul-Louis Simond, shi ya nuna a Karachi a 1898 cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera. Ta shiga Dakar a 1914, ta shiga Ikko a 1924, kuma a 2017 ta kama fiye da mutum 2,000 a Madagaska, fiye da 200 suka rasu. Darasin da ke ciki shi ne, idan ɓera ya mutu ƙumarsa barinsa take yi ta nemi wani jiki. Saboda haka kada yaro ya ɗauki mataccen ɓera da hannu, a kwashe shi da shebur a binne.

MAGANIN DA KE KASHE MAI SHI

Yanzu sai maganar magani, kuma a nan muke roƙon a buɗe kunne. Fiya-fiya da maganin feshin wake ba a yi su domin jikin mai rai ba. Fata tana shan su. Kare ya lashi jikinsa sai ya hau dalalar da miyau yana makyarkyata, yaron da ya shafa masa kuma ya kwana da ciwon kai da amai. Haka baƙin man mota, da kananzir, da fetur: suna ƙona fata, kuma ba su taɓa ƙwan da ke cikin bango.

Ko cikin magungunan dabbobi na gaskiya, abin da ya yi wa wannan yana iya kashe wancan. Wanda aka rubuta Perméthrine a jikin kwalbarsa yana yi wa kare amfani, amma guba ne ga kyanwa, ko kaɗan kada ya taɓa ta. Wanda aka rubuta Amitraz yana kashe kaskar shanu da tumaki da kare, amma ba a sa wa doki da jaki da kyanwa. Allurar Ivermectine, wadda mutane suka ɗauka maganin komi ce, tana taimakawa ga tsutsar ciki da ƙazwa, amma ba ta raba kare da ƙuma.

Waɗanda aka yi musamman domin kare da kyanwa sun kasu uku. Akwai na ɗigawa a bayan wuya, inda harshe ba ya kai, irin Fipronil, wanda ake maimaitawa kowane wata. Akwai abin wuya mai magani, wani yana aiki har wata takwas. Akwai kuma ƙwaya ta haɗiya da ta fito a 2014, wadda ke tsare kare sati 12. Suna da tsada, kuma a shagunan maganin dabbobi na manyan birane aka fi samunsu. Kowanne da awonsa gwargwadon nauyin dabba, kuma na kare daban, na kyanwa daban.

Kada kuma a tsinka magani da ruwa fiye da ƙa'ida domin ya yi auki. Maganin da bai kai ƙarfi ba yana kashe raunana ne, ya bar masu taurin rai su hayayyafa. An ga haka da wata kaskar shanu da aka fara gani a Kodebuwa a 2007, wadda ta biyo shanun da aka kawo daga Birazil, ta bazu zuwa Benin da Burkina Faso da Mali da Najeriya, magunguna da dama sun kasa ta. Tun da aka raba Dungas da Magariya a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, ma'aikatar kiwo ta ƙara matsowa kusa da mu. A tambayi malamin dabbobi kafin a buɗe kwalba, a kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci nama ko a sha nonon dabbar da aka yi wa magani.

AIKIN SHEKARA

Mafi yawan aikin ba ya son kuɗi, hannu yake so da tsintsiya.

Da bazara, kafin ruwa ya sauka, a yi yaɓe a toshe tsagar bango, musamman inda kare ke kwana da cikin akurki. A kwashe takin turke a kai gona, wannan riba biyu ce. A tanadi magani tun kafin a buƙace shi.

Da damana, a duba kare kullum: cikin kunne, wuya, hammata, da tsakanin yatsu. A share ciyawar da ke kewaye da danga. Masu bincike na cibiyar kiwo ta Bobo-Julaso sun gano cewa kaska mai ado tsakanin kofato take fara kamawa a wajen kiwo, sai dabba ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa. Saboda haka a duba ƙafafun bisashe da maraice, da zarar sun shigo gida.

Da kaka, sa'ad da ake shigo da harawa da kara, ɓera ke biyo hatsi, ƙananan kaska kuma na kan ganiyarsu. A nan ne muke sakin hannu, alhali a nan ya kamata mu ƙara riƙewa.

Da dari, kare da kyanwa suna neman ɗumi, suna shiga ɗaka da gindin murhu. Kowane sati a fitar da buhu ko tsumman da suke kwanciya a kai, a kakkaɓe, a wanke da sabuni, a shanya a rana tsaka. Sharar ɗakin kuma a ƙone ta, kada a tara ta bayan ƙofa.

Da rani, a kula da wuraren laima da muka ambata, a riƙa gusar da randa ana share gindinta.

Ga yadda ake gane ƙuma ko ba a gan ta ba: a tsai da dabbar bisa farin ƙyalle a taje gashinta. Baƙin garin da ya zubo, a ɗiga masa ruwa. Idan ya koma ja, kashin ƙuma ne, watau jinin dabbarka. Ga kuma yadda ake cire kaska: a kama ta da matsefata dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba, a jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir ko cikin wuta, a wanke hannu da sabuni. Kada a fasa ta da farce, kada a yar da ita ƙasa, domin mace guda da aka yar ita ce dubban gobe. Gwargwadon daɗewarta a jiki, gwargwadon haɗarinta. Wanda kaska ta ciza kuma zazzaɓi ya biyo baya cikin kwanakin nan, ya je asibiti ya faɗa wa likita cewa kaska ta cije shi, kada ya ce masassarar sauro ce ya zauna gida.

Ruwan ganyen dogon yaro da toka, waɗanda iyayenmu ke amfani da su, suna ragewa, ba mu raina su ba. Kaji da zabi ma suna tsince kaska a turke, kamar yadda carki ke yi a bayan sa. Amma idan abin ya yi yawa, sai an haɗa da maganin likita.

ROƘONMU

Ƴan'uwa masu tafiya, kafin ku fita ku damƙa kare da kyanwa hannun mutum guda sananne, kamar yadda kuke damƙa akuya. Idan kun bugo waya kuna tambayar lafiyar gida, ku tambaya ko an share makwancin kare. Wanda ke birni, cikin tsarabar da zai riƙo ya sa maganin gaskiya daga shagon likitan dabbobi, da takardarsa a ciki, ya bar na tallan bakin tasha da rana ta gama dafawa. Wanda ya sayo ragon layya ko saniya daga Maigatari ko wata kasuwa, ya ɗaure ta gefe guda kamar sati biyu, a duba ta a yi mata magani kafin ta gauraya da na gida.

Iyayenmu dattawa, maganarku ita yara ke ji. Idan kun ce ranar kaza ta kowane sati ranar sharar turke da akurki ce, za a yi. Kuma aikin ba na gida guda ba ne, domin kare ba ya sanin iyakar danga. Wanda ya share nasa, maƙwabcinsa bai share ba, aikin baya ne zai koma.

Ga ƙungiya kuma muna ba da shawara biyu. A haɗa kuɗi a sayi famfon feshi guda wanda ba za a taɓa zuba masa maganin gona ba, a ajiye shi hannun amintacce. Sannan idan ma'aikatan kiwo sun zo zagayen allurar rigakafin bisashe, a roƙe su su duba karnukan gari, a kuma tambaye su allurar haukan kare. Mu kuma a lekol mun ɗauki alkawarin koya wa yara yadda ake duba dabba da yadda ake wanke hannu bayan an taɓa ta.

Hausawa sun ce kaska za ta mutu da haushin kifi, domin ba ta da hanyar kai masa. To, mu mai da gidajenmu haka, rani da damana. Allah shi ba mu lafiya, mu da iyalinmu da dukiyarmu, shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya.